Gyaɗar Mushe Sumana

SHAFI NA 17

Daga bakin Maharazu Gagara-Kamu

Salamu alaikum, mutanen waya. Kun hana ni sakat, to ga ni.

Kafin in ɗora, akwai wata Lami daga Gazawa da ta aiko wai ƙarya nake, mutum ba ya tsere ma doki. Lami, ki tambayi kakanki in yana da rai. In ba shi da rai, to kin ga bambancina da shi. Ni ina nan. Agana ta kama ni ta sake, yunwa ta zo ta koma, sanƙarau ya share unguwarmu har da ubana, ya tsallake ni. Ranar da gardin kumandan, dogarin Nasara, ya zo bisa doki kamun ɗiyan da za a sa lakol, wato makarantar boko, ni ne yaron da ya faɗa cikin gero ya bar shi yana zagin dokinshi. Har yau ban san baƙi ɗaya na boko ba. Da baki nake faɗi, a buga muku.

Ku da kunka shigo yau: garinmu Rijiyar Tala, ƙasar Gidan Rumji, shekara ta biyu bayan an sauke tutar Nasara. Ƙanena Baƙo shi anka samu anka sa lakol da ya tasa. Shi kuma ya so abin kamar me. Yana ajin ƙarshe, jarrabawar satifika ta matso, burinshi ya zama lokotoro, wato likita, don ubanmu ya mutu ba wanda ya iya yi mishi allura ko guda.

Diraktan lakol ɗin Mushe Sumana, Bazabarme daga yamma. Mushe, haka muke ce ma malamin lakol.

Ran kasuwa, ranar da ba a lakol, Baƙo ya haɗa tabarau na kara, ya cusa tsumma cikin riga ya yi tumbi, ya saƙala sanda a hammata. Ya yi ta kai da kawowa gaban rumfar mahauta da irin takun Mushe, yana rerawa:

“A, be, se, ku ɓare gyaɗa.
An, de, turwa, ku cika buhu.
Wanda ya gaji, zero.”

Kasuwa ta tashi da dariya. Mushe kuwa yana tsaye can baya, yana jiran a ƙunshe mishi nama.

Washegari anka koro Baƙo. Ba aji, ba satifika.

Nan munka tsaya, nan za mu ɗauka.

*

Da safe na ce ma Baƙo, “Wanke fuskarka. Mu tahi.”

Innarmu ta tare ƙofa.

“Maharazu, kar ka je ka ƙara ɓata abu. Na san bakinka.”

“Inna, bakin nan shi ke ciyar da gidan ga.”

“Hannunka dai.”

“Da shi da hannun.”

Ta kauce.

Lakol ɗin darnin kara anka zagaye ta da shi, ƙofa guda. Ciki ba a yin Hausa, wanda ya yi sai bulala. Ni kuwa tun ranar da na tsere ma dokin nan na rantse ƙafata ba ta taka cikin darnin ga. Sai na tsaya daidai bakin ƙofa, na yi sallama irin wadda ake ji daga gona.

Karatun da ake cikin aji ya tsaya cak.

Mushe ya leƙo daga buro, ofishinshi ke nan. Kaki a goge, tabarau na ƙyalli. Ya yafito ni da yatsa guda, kamar mai kiran kaza.

Na yafito shi da yatsa biyu.

Mata masu zuwa rijiya sunka fara sauke tuluna. Mahauta sunka baro rumfa. Kafin ya ƙaraso bakin darni, rabin gari na bayana, ɗiyan lakol kuma sun fito sun manne jikin kara suna leƙe.

“Kai ne wan yaron?”

Hausarshi a miƙe take kamar sanda, amma ana ji.

“Ni ne. Maharazu. Ka taɓa ji.”

“Ban taɓa ji ba.”

“To yau ka ji.”

“In kana da magana, a buro ake yi.”

“A buro Baƙo ya yi waƙa?”

Ban jira ya amsa ba.

“A kasuwa ya yi, Mushe. Kasuwa tana da sarkinta, shi ma yana wurin, har hawaye ya yi don dariya. Kai darnin ga anka ba ka. Daga nan zuwa can, ka hana Hausa, ka hana tari in ka so. Amma daga nan zuwa nan,” na buga ƙafa inda nake tsaye, “ba naka ba ne.”

“Ɗan lakol ɗan lakol ne ko cikin ɗakin uwarshi,” ya ce. “Gwamnati ta zuba mishi ilimi cikin kai, kuma da kan nan yake zuwa kasuwa. Wanda ya yi mini dariya, Jamhuriya ya yi ma.”

“Jamhuriya tana da tumbi?”

Wani mahauci ya shaƙe da goro, sai da anka bubbuga mishi baya.

Mushe bai yi dariya ba. Ya matso har ina jin ƙanshin sabulunshi.

“Kai ba ka san aikin ga ba, samari. Jiya na shiga aji, yara na kallon cikina suna cije leɓe. Ta yaya zan koyar da wanda ke ganin tsumma cikin rigata? In na ƙyale ɗaya, gobe kowa ya yi tabarau na kara, jibi babu lakol. Ƙasar ga sabuwa ce. Tana son masu jin magana.”

Maganar tana da ɗan nauyi. Amma ni ba da hannu wofi na zo ba.

“Mushe, kai wane iri ne?”

“Ɗan Nijar.”

“Kafin Nijar.”

Ya gyara tabarau.

Na jawo Baƙo gaba, na juya fuskarshi ga rana.

“Dubi zanen ga. Bagobiri ne, gaba da baya. Kai kuwa Bazabarme. Tun yaushe Bazabarme ya fara hukunta Bagobiri don ya yi mishi wasa?”

Gari ya ɗauki “Haka ne, haka ne.”

Ku na ƙetaren iyaka da ba ku sani ba, tsakaninmu da Zabarmawa wasa ne tun na kakanni. In na gamu da Bazabarme, ko da rawani a kanshi, in ce mishi bawana, in cire mishi hula, in ci abincin gabanshi. Shi ma ya rama yadda ya iya. Abu guda ne ba a yi: fushi. Wanda ya yi fushi shi ya faɗi, kuma sai labarin ya riga shi isa garinsu.

Mushe ya ce, “Wannan abin ƙauye ne. An gama da shi ranar da anka ta da tuta.”

“Wa ya gama da shi?”

Ba ni na tambaya ba.

Gidan dirakta yana manne da darnin lakol. Daga ƙofar gidan wata tsohuwa ta fito, gajeruwa, hannuwanta sharkaf da man gyaɗa. Gambi ke nan, uwar Mushe, wadda ya zo da ita daga yamma. Ƙuli-ƙulinta ya yi suna har Tibiri. Ni da ita mun daɗe muna fama: duk ta gan ni bakin rijiya sai ta ɗora mini tulunta wai aikin bawa ne, ni kuma in shanye mata rabi a hanya.

Ta dube ni sama da ƙasa.

“Bawana, me ya fito da kai da sassafe? Tuwo ya ƙare gidanku?”

“Baiwata, ƙara na kawo. Ɗanki ya yi fushi da Bagobiri.”

Murmushin ya bar fuskarta.

“Sumana?”

Ya juya ya zuba mata Zabarmanci da sauri, ƙasa-ƙasa.

“Yi da Hausa,” ta ce. “Gaban mutane anka yi, gaban mutane za a ji.”

“Yaron ga ya kwaikwayi tafiyata a kasuwa.”

“Shi ke nan?”



Ta juya ga Baƙo. “Kai ɗan bawana, yi mini in gani.”

Baƙo ya dube ni. Na ɗaga mishi gira.

Ba tsumma, ba tabarau. Ya dai tura ciki gaba, ya maida hannu baya, ya ɗaga haɓa, ya yi taku kaɗan kamar mai tsallake kashin kaji.

Tsohuwa ta dafe darni. Dariya ta ci ƙarfinta har sai da ta zauna a ƙasa.

“Takun ubanshi ne, wallahi. Haka marigayi ke tafiya in ya sa sabuwar riga.” Ta share ido da gefen zane. “Sumana, ubanka wani Bagobiri ya taɓa sauke shi bisa jakinshi tsakiyar kasuwa, ya hau. Ubanka ya biyo shi a ƙasa yana dariya har bakin gari. Kai don an yi takunka za ka kashe ma yaro karatu?”

Na harɗe hannu. Na dubi mahauta, na dubi mata. Ina son kowa ya shaida wanda ya yi aikin.

Mushe ya daɗe yana kallon ƙasa. Da ya ɗago, muryarshi ta yi sanyi, irin sanyin da ban so ba.

“Na ji. Wasa ne. To in wasa ne, ya faɗi gaban mutanen ga, da gaban ɗiyan lakol, cewa wasa ne kawai, babu gaskiya cikin waƙarshi. Ba gyaɗa, ba buhu. Ya faɗi haka, ya koma aji.”

“Wace waƙa?” in ji tsohuwa. “Wace gyaɗa?”



Na sunkuya kunnen Baƙo.

“Faɗi. Na riga na ci maka yaƙin.”

“Yaya, wasa na yi.”

“To ƙarasa.”

“Sauran ba ni faɗi.”

“Kai, kalma ce. Ka faɗa, iska ta ɗauke. Satifika fa.”

“Na sani.”

“Lokotoro fa.”

“Na sani, Yaya.”

Na damƙi dantsenshi. Ya zare hannun a hankali, kamar shi ne babba. Ya wuce ni, ya durƙusa gaban tsohuwa.

“Kaka, Bagobiri na yi ma Bazabarme wasa. Amma ba a ce ya yi mishi ƙarya ba.”

“Ba a ce ba.”

“Gyaɗar da kike matsa, wa ke ɓare ta?”

“’Yan ƙwadago. Sumana ke ɗauko su.”

Baƙo ya buɗe tafukanshi.

Ni da nake kwana ɗaki ɗaya da shi ban taɓa duba su da kyau ba sai ran nan. Kan yatsun duk sun tsage, sun warke, sun sake tsagewa. Tsakiyar tafin kanta ce bisa kanta.

“Ga ɗan ƙwadago ɗaya,” ya ce. “Tun kaka muke ɓara, da safe, lokacin lissafi. Da gyaɗa ta ƙare anka kai mu sassabe gonar bayan maƙabarta. Jarrabawa ta matso, littafin ko rabi ba mu yi ba. Cikin darni ba mu da bakin faɗi, Hausa ma an hana. Shi ya sa na faɗa a kasuwa.”

Ya juya ga Mushe. Bai ɗaga murya ba.

“Mushe, tumbin tsumma ne, wannan na yarda. Tabarau ɗin kara ne. Amma buhun, buhu ne. Ba ni cewa babu shi.”

Ku ji ni da kyau: jinina ne wannan. Taurin kan nan wurina ya gani, ba a littafi ba.

Sai na ji kara na motsi.

Wata yarinya ce ta turo hannunta ta tsakanin karan darni, tafi a buɗe. Na kusa da ita ya turo nashi. Sai wani, sai wani. Ba wanda ya ce uffan, don cikin darni suke, ba a Hausa. Jikinsu na ciki, hannuwansu na waje, jere tun daga ƙofa har kusurwa.

Wata mata a bayana ta ce, “Wancan na Batulu ne,” ta ajiye tulu ta nufi darnin. Sauran mata sunka bi ta, kowace na neman hannun nata.

Tsohuwa Gambi ta kama tafin Baƙo. Ta juya shi. Ta dubi nata hannuwan da mai ke ɗiga. Ta goge su jikin zane, ta sake gogewa, man bai fita ba.

Ta miƙe ba tare da ta dafa kowa ba.

“Sumana. Ni na ci wannan?”

“Albashi ba ya zuwa kan lokaci, kin sani. Gonar lakol ce, doka ta yarda yara su koyi noma…”

“Gonar lakol ce, man na shiga tuluna?”

Ta matso gabanshi.

“Ni da na yi daka a gidajen mutane don ka zauna aji. Hannunka ko tsinke bai ɗauka ba. Ka zo garin bayina ka maida ɗiyansu bayin gaske?”

Ya sake fara Zabarmanci.

“Hausa,” ta ce.

Bai da Hausar da zai faɗi.

“To ji tawa. Wuta ba ta sake kamawa ƙarƙashin kaskona da gyaɗar ga. Ka buɗe ma yaron nan ƙofa yadda yake, da waƙarshi, bai janye komi ba. In ba haka ba, motar gyaɗa ta farko da ta biyo in hau in koma gida. In sun tambaye ni me ya koro ni, in ce ɗana ya yi fushi da Bagobiri, kuma Bagobirin ke da gaskiya.”

Mushe ya cire tabarau.

Ran nan na fara ganin idanunshi. Ashe yaro ne. Bai girme ni da wani abin kirki ba, kakin ne ke ƙara mishi shekaru.

Ya kauce daga bakin ƙofa.

“Shiga,” ya ce ma Baƙo. Da Hausa ya faɗa, kuma ƙafarshi ɗaya na cikin darni.

Mahauta sunka fara kabbara. Wani ya ɗaga hannuna sama kamar an yi kaye a fagen kokawa, ni kuwa ban hana shi ba. Baƙo ya kaɗe gwiwa, ya ɗaga ƙafa zai shiga.

“Amma…” in ji Mushe.

Na sauke hannu.

“Amma me?”

“Aji zai zauna. Jarrabawa kuwa… Na riga na rubuta ma babban mai duba lakol na Maraɗi. Na ce a soke sunanshi.”

“Sai ka sake rubutawa ka ce ka fasa.”

“Ba irin wadda ake fasawa ba ce. Da fushi na rubuta. Na sa ciki cewa ya zagi hukuma a bainar jama’a.”

Wanda bai ga shekarun nan ba ba zai gane ba. Lokacin, in anka ce mutum ya zagi hukuma, ba a tambayar shekarunshi.

“In takardar nan ta shiga buron Maraɗi anka buga mata hatimi,” ya ce, “ba lakol ɗin da za ta sake karɓar shi a ƙasar ga. Ko na bi ta da goma, ta farko za a duba.”

“Wato da ya ƙaryata kanshi ɗazu, a banza zai yi?”

Bai dube ni ba.

Tsohuwa ta ɗora hannu a ka. Baƙo na tsaye, ƙafa ɗaya ciki, ɗaya waje. Bai yi kuka ba. Haƙoranshi kawai nake gani sun danne leɓe.

Na ce, “Takardar tana ina?”

“Hannun Sanda mai gadi. Na ba shi kekena. Yana sallame asuba ya tahi.”

Na ɗaga kai. Rana ta yi hantsi.

Sanda na san shi kamar yunwar cikina. Hanyar mota zai bi, mai zagaye ta Tibiri, don keke ba ya shiga gonaki. In ya kai gulbi dole ya sauka ya tura cikin rairayi. Kuma Sanda bai taɓa wuce mai fura bai gaishe ta ba.

“In na dawo da ita fa?”

“In ba ta shiga buro ba, sunanshi na nan. Zai zauna jarrabawa.”

“Gaban uwarka ka faɗa.”

“Gabanta na faɗa.”

“Da waƙarshi?”

Ya ja numfashi. “Da waƙarshi.”

“Sanda ba zai ba ni ba. Tsoronka yake kamar mutuwa.”

Mushe ya dubi tabarau ɗin da ke hannunshi. Ya naɗe su cikin hankici, ya miƙo mini ta saman darni.

“Nuna mishi wannan. Ya san ba ni rabuwa da su.”

Na karɓa, na cusa cikin lalitar wuyana tare da layuna.

Ya tsaya yana kallona da idanun nan nashi marasa gilashi, yana ƙifce-ƙifce. Sai na ga gefen bakinshi ya ɗan motsa.

“Amma ban ga ta inda za ka cim ma keke ba,” ya ce. “Ni tun da nake ban taɓa ganin Bagobiri na gudu ba, sai in an sauke tukunya.”

Tsohuwa ta sauke hannu daga ka, ta dubi ɗanta kamar yau ta haife shi.

Na ce, “Ashe bawan nawa ya iya magana.”

Na tuɓe riga na jefa ma Gambi. Na tamke wando. Na ce ma Baƙo, “Shiga da ɗayar ƙafar, ka buɗe littafi.”

Ya shiga.

Na sa gabas gaba, na faɗa cikin gonaki.

Lami ta Gazawa, ki buɗe kunne. Doki ƙafa huɗu gare shi. Wanga keke biyu ne.